Wane gilashin leƙe zan ƙara wa na'urar hangen nesa don kallon duniyoyin Mushtari (Jupiter) da Zuhal (Saturn)?

Ɗan Dutse:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan da yayana ya aiko mini da na'urar hangen nesa, Celestron AstroMaster 130EQ. Faɗin madubinta milimita 130 ne, nisan da take tattara haske kuma 650. Ta zo da gilashin leƙe biyu, mai lamba 20 da mai lamba 10. Da mai 10 ɗin ina ganin Mushtari da watanninsa huɗu a jere, amma shi kansa bai fi ƙwayar gero ba, sai na ƙura ido sosai kafin in ga zane biyun nan na jikinsa. Na ci karo da wani mai lamba 2.5 a intanet, kuɗinsa da sauƙi. In saya? Ɗalibaina nake son in nuna wa zoben Zuhal kafin a yi hutu.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Malam, don Allah ka bar mai 2.5 ɗin nan. Raba 650 da lambar gilashi, abin da ya fito shi ne ninkin girman da za ka gani. Mai 10 yana ba ka 65, mai 2.5 zai ba ka 260. To 260 ɗin ita ce maƙurar na'urarka, wato ninki biyu na faɗin madubi, kuma da wuya iska ta lafa har ta bar ka ka more ta. Za ka ga ƙaton abu dishi-dishi yana rawa kamar tsakuwa a ƙarƙashin ruwa, kafin minti ɗaya ya cika ya fice maka saboda juyawar duniya. Ina yara talatin a layi za su kai da wannan?

Nemi mai lamba 5, ninki 130, ko mai 6, kusan 108. Amma ban da samfurin Plössl a waɗannan ƙananan lambobi, don sai gashin ido ya goge gilashi kafin a ga komai, mai tabarau kuwa ya haƙura. Ni gilashi samfurin X-Cel LX mai 5 nake amfani da shi, idonka na nesa da shi kimanin milimita 16 kana gani sarai. Ka tabbata bakinsa inci 1.25 ne.

'Yar Damagaram:
Baba ya gama magana kan gilashi. Abin da ya daɗe yana cutata ni kuwa rufin siminti ne. Yini guda yana shan rana, da dare yana amayar da zafi, hoton sai kaɗawa yake. Da na sauko tsakar gida kan ƙasa, na fitar da na'urar tun bayan magariba ta huce, na jira Mushtari ya hau sama sosai, sai ga zanen nan ɓaro-ɓaro da gilashin da nake raina wa. Hazon hunturu in ba mai kauri ba ne bai cika hana kallonsu ba, ƙura dai a riƙa rufe madubi.

Ɗan Dutse:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Ni ma a saman bene nake kafawa. Zoben Zuhal fa, me ya sa nake ganinsa siriri kamar zare?

Tsohon Malami:
Ba laifin na'urarka ba ne. A watan Maris na 2025 zoben ya juyo mana da gefensa daidai, tun daga nan yake buɗewa a hankali, sai wajen 2032 zai kai iyakar buɗewarsa. Da mai 5 ɗin yaran za su gan shi, ka dai riƙa murɗa maɓallin bin tauraro, wato mai juya na'urar a hankali don ta bi Zuhal, tsakanin wannan yaro da wancan.