Ƙwarin da ke manne wa ganyen lemo: yaya zan gane 'ya'yan daga manyan?

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana aikin lambu.

Bishiyoyin lemon tsamina sun kamu da ƙwarin nan masu laushin ɓawo da ke lafewa a bayan ganye, a jikin jijiyar tsakiya. Malamin gona ya duba ya ce Coccus hesperidum ne. Ganyen duk ya yi danƙo, baƙi ya rufe shi kamar kunkunniya, tururuwa kuma sai hawa da sauka suke. Ya ce feshi ya fi cin su lokacin da 'ya'yan suke yawo, kafin su kafa baki su zauna.

To nan na maƙale. Na duba da gilashin ƙara girma, iri-iri nake gani a ganye guda: wasu ruwan ƙasa, sun kai milimita 3 zuwa 4, sun ɗan tasa, wasu falan-falan, ruwan ɗorawa, har koren ganyen ana hangowa ta jikinsu, wasu kuma sun yi baƙi ƙirin da ɗan rami a baya. Na murtsuke da farce, wasu suka fitar da ruwa, wasu a bushe suke. Na naɗa salatif a reshe don in kama masu yawon, ƙurar hunturu ta cika shi, ban iya rarrabe komai ba. Na fesa man darbejiya da ruwan sabulu, amma tunda matattun ma ba sa faɗuwa, ba na gane ko ya yi aiki, danƙon kuwa bai daina ba.

Wace alama ce zan gani da ido in tabbatar 'ya'yan sun fito, lokacin feshi ya yi? Na gode.