A taimaka da Hausar "transparency" kafin ƙarfe huɗu

Mai_Labarai: Jama'a, ƙarfe huɗu zan shiga karanta labarai. Rahoton NEITI ne (hukumar bin diddigin kuɗin ma'adinai ta Nijeriya, mai "transparency" a cikin sunanta) kan kuɗin man fetur, kalmar "transparency" ta fito sau biyar. Kullum "gaskiya da riƙon amana" nake sawa, yau edita ya soke, wai mutum na iya riƙe amana a ɓoye.

Malam_Lugga: Editanki bai yi kuskure ba. Asalin kalmar Latin ne: "trans" ƙetarewa, "parere" bayyana. Wato abin da haske ke ratsawa har a hango na bayansa, kamar gilashi ko ruwan randa da ya kwanta. Daga baya aka jawo ta harkar mulki, ta ƙara bazuwa bayan kafa ƙungiyar yaƙi da cin hanci ta Transparency International a Berlin a 1993. Ni dai "garau" zan ce.

Hajiyar_Kantin_Kwari: Malam, gwamnati garau? Sai a ɗauka zazzaɓi ta yi ta warke. "Shara-shara" kuwa na yadi ne, kada ma wani ya kawo shi.

Bazazzage: Gani-har-hanji! Shekara biyu ina tallarta. Hukumar gani-har-hanji ta ma'adinai, ina aibinta?

Hajiyar_Kantin_Kwari: Ƙanena, wannan ai hoton asibiti ne.

Bazazzage: To ai abin da muke so a yi wa baitulmali ke nan, Hajiya.

Malam_Lugga: In an ƙi garau, Larabawa na cewa "shafafiyya". A ara.

Bazazzage: Aro kuma? Hausa ta talauce ne?

Malam_Lugga: Yaro, "amana" da "baitulmali" da aka rubuta yanzu daga ina suka zo? Daga Tudun Wada?

Ɗan_Maraɗi: Ku mutanen Nijeriya kun fiye gardama. Faransanci ma "transparence" ne, uwa ɗaya. Tsohuwata in ana rabon gado cewa take a baje komai a faifai, ba ƙumbiya-ƙumbiya.

Bazazzage: Wannan jimla ce, mu kalma ake nema.

Mai_Labarai: Saura minti ashirin. Na sa "baje komai a faifai" sau uku, "ba tare da rufa-rufa ba" sau biyu. Sunan hukumar na bar shi NEITI. Na gode, Yaya na Maraɗi.

Malam_Lugga: An ɓatar da hasken da ke cikin kalmar, amma a je a haka.

Bazazzage: Ni a shafina gani-har-hanji ce.