Littafin Barth mai zanen Kano a gwanjon Landan: in taya?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'ar zaure. Wani gidan gwanjo a Landan ya sa littafin Abdulkarim Barth, wato Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe, cikin kayan da zai sayar wata mai kamawa, juzu'i biyar, bugun 1857 zuwa 1858. Na daɗe ina son zanen nan na Kano daga kan Dala. Ban taɓa taya kaya daga nesa ba, ku ba ni shawara.

Ɗan Zinder: Wa alaikumus salam. Na Ingilishi ne ko na Jamusanci?

Baban Khalifa: Na Ingilishi, bugun Longman.

Malam na Fagge: Alhaji, kafin ka sa ko sisi, ka sa a ƙirga maka zanukan. Cikakken bugun nan zane 60 ne masu launi da taswira 15. Ni abin ya taɓa cina. Shekarun baya na sayi irin wannan biyar ɗin a wani ƙaramin gidan gwanjo, ba zan kama suna ba. Hotunan da suka sa a intanet na bango ne kawai da shafuka biyu uku, fata mai kyau, rubutun zinare a ƙeya. Na taya, aka sallama mini, na kwana ina murna. Ranar da kwalin ya iso na wanke hannu, na shimfiɗa zane a kan tabarma, na ɗauko juzu'i na biyu tunda nan labarin Katsina da Kano yake. Ina buɗewa sai na tarar da ɗan siririn bakin takarda a maƙale jikin ɗinki, an bi shi da reza, yanka santal kamar na tela. Zanen Kano babu. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, guda tara aka cire, kuma duk na manyan garuruwa ne. Akwai dillalan da sana'arsu ke nan, su farke littafi su sa kowane zane a gilashi su sayar daban, don ribar ta fi. Da na rubuta musu sai suka nuna mini wani layi a ƙasan bayanin kayan, cewa ba su ƙirga ba kuma ba a mayarwa. Layin yana nan tun farko, ƙanana ne haruffan. Har yau in na buɗe wurin nan raina ɓaci yake. Saboda haka ka rubuta musu, su ba ka bayanin lafiyar littafin a rubuce, su faɗi adadin zane da na taswira, su turo hoton zanen Dala yana manne a cikin littafin. In sun yi ta kwana-kwana, ka haƙura.

Maman Hanifa: Innalillahi. Allah Ya mayar da alheri, Malam.

Ɗan Zinder: Ka kuma lissafa la'ada. Abin da ka taya ba shi za ka biya ba, gidajen nan suna ɗora kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wasu ma fiye. Ga kuɗin aikowa, ga kwastan, ga canjin fam.

Bakatsine: A bugun Amurka ma akwai tarko. Na Harper juzu'i uku ne, kuma zanukansa baƙi da fari ne. Mutum ya ga araha ya ɗauka tsuntsu ya faɗo masa gasasshe.

Ɗan Zinder: Ku dai Kanawa kullum Dala. Mutumin nan sai da ya shiga Agadas a 1850 kafin ya san hanyar Kano a 1851.

Bakatsine: Kuma ta Katsina ya bi ya shiga Kanon, a rubuta wannan.

Malam na Fagge: Ya biyo ta Katsina, amma a Kano ya ga kasuwa har ya cika shafuka da maganar rini da saƙa.

Yaya Babba: Ni fa ban gane wannan sha'awar ba. Rubuce-rubucen kakanninmu suna cikin gafaka gara tana ci, mu kuma muna kai fam Landan don zanen da Bature ya yi mana. Wanda ya zana ma bai taɓa taka ƙasar nan ba. Bernatz ne ya gyara zayyanar da Barth ya kawo, yana zaune a Jamus.

Maman Hanifa: Yaya, gaskiya ne a kan Bernatz, amma ɗaya ba ya hana ɗaya. Wa ya bar mana surar birnin a wancan zamanin in ba su ba? Kuma cikin littafin matafiyan Birtaniya Denham da Clapperton na 1826 akwai taswirar da aka samo daga wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Wannan ai kayanmu ne ya dawo gida.

Yaya Babba: Ya dawo gidan mutum ɗaya, a kulle a kabad. Da Arewa House aka kai da ɗalibai sun gani.

Baban Khalifa: Yaya, duk wanda ya zo gidana zai gani, in sha Allah.

Hajiyar Kumasi: In launi kake so na gaske, nemi littafin Lyon, matafiyin Birtaniya, na 1821. Zane 17, da hannu aka shafa musu launi, shi ya sa kwafi biyu ba sa zama daidai. Na Barth kuwa ba da hannu aka shafa ba, dutsen ɗab'i ne ya buga launin, ruwan ƙasa-ƙasa da shuɗi mai laushi. Lyon bai wuce yankin Fezzan na kudancin Libiya ba, amma akwai Buzaye da shigarsu, akwai kuma zanen ayarin bayi da ba na iya daɗewa ina kallo. Ka kula da na shafe-shafen baya: wasu suna samun baƙi da fari su shafa launi yanzu don kuɗi ya hau. Sabon launi yakan yi kauri, wani lokaci ya ɓullo ta bayan takardar.

Bakatsine: Hajiya, ɗige-ɗigen nan masu kama da tsatsa fa? Nawa duk sun yi.

Hajiyar Kumasi: Laima ce. Kada ka goge, kada ka sa a leda. Nan Kumasi damina ta fi taku, a kwali nake ajiyewa, nesa da bango, in fito da su su sha iska a inuwa.

Ɗan Zinder: Mu ƙurar hunturu ce da bushewar fatar littafi. Wani ya ce in shafa man kaɗanya a bangon littafin.

Malam na Fagge: Kul! Maiƙon zai ratsa takarda, ya kuma kira kyankyaso.

Maman Hanifa: Af, wa ke da labarin Dorugu a cikinku? Yaron nan na ƙasar Damagaram da Barth ya tafi da shi Turai. Ina son in karanta wa yara.

Ɗan Zinder: Ina da hoton shafukan, zan turo bayan la'asar.

Baban Khalifa: Na aika musu saƙon ƙirgar. Malam, in sun ce 59 ne amma na Dala yana ciki fa?