Masu wurga tuta na Italiya, ya mutum zai zana wannan abin?

MaiBurushi_BK:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu zane. Ni aikina rubutun allon shago da fentin bayan mota a nan Birnin Kebbi, to kwanan nan na maƙale da kallon bidiyon mutanen Italiya ɗin nan masu wasa da tuta, suna sanye da kayan kakanninsu ana buga musu ganga, mutum ya wurga tuta sama tana juyawa ta dawo ya cafe ta ta mariƙi ko gezau. Ina so in zana shi babba a jikin filawud amma tutar sai ta fito min a sandare, ba rai ko kaɗan. Mene ne asalin wasan, kuma me ke sa tutar ta sauko ta wajen mariƙi? Manyanmu a taimaka da shawara.

DanKabi_Argungu:
Wa'alaikumus salam abokina. Asalinsa na soja ne, mai riƙon tuta shi ke ba rundunarsa alama a filin daga inda hayaniya ba ta barin a ji murya, kuma tuta ta taɓa ƙasa babban abin kunya ne, shi ya sa suka ƙware da sarrafa ta. Tun 1638 wani malamin takobi mai suna Alfieri ya buga littafi a garin Paduwa kan yadda ake juya ta. Maganar mariƙi kuwa darma ce, suna zuba ta a gindin sandar, sai nauyin ya taru can, ƙyallen kuma iska na riƙe shi, dole gindin ya riga saukowa.

Garuruwa da yawa na yi, Arezo, Gubbiyo, Fayenza, amma na Siyena ya fi suna saboda sukuwar Paliyo da ake yi 2 ga Yuli da 16 ga Agusta. Unguwa 17 ne a garin, 10 ke shiga kowace sukuwa, dawaki ba sirdi, zagaye uku. Kafin nan ake jerin gwano, kowace unguwa da makaɗinta da masu tuta biyu, su wurga wa juna su yi musaya a sama. Abin da zai burge ka kai mai burushi shi ne kyautar da ake wannan tashin hankalin a kanta ba kofi ba ce ba kuɗi ba, zane ne a kan dogon ƙyallen siliki, kuma kowace sukuwa sabon mai zane ake ba aikin. Guttuso ya zana na Agustan 1971, Botero ɗan Kolombiya mai zana mutane ƙatti ya yi na Agustan 2002.

BabaMaiFenti_Gusau:
Ɗana, matsalarka ba ta burushi ba ce, ta ido ce. Kai tuta kake zanawa, alhali abin zanawa iska ce. Tsai da bidiyon nan daidai inda tutar ta ƙure sama ba ta fara saukowa ba, ka duba da kyau, ba za ka ga kusurwa huɗu ba, rabinta ya naɗe ya ɓoye, alamar da ke jiki ta karye biyu, gefe guda rana ta ratsa silikin ya yi haske, ɗaya gefen ya yi duhu. To wannan za ka sa. In ka ce sai kowa ya karanta duk abin da ke jikin tutar to allon shago ka sake yi.

Sannan kada ka manta da mutumin. Hannunsa a buɗe babu komai ciki, wuya a miƙe, ƙafa ɗaya baya, ido sama. Wannan tazarar da ke tsakanin tafinsa da sandar, bar ta da faɗi, kada ka cika ta da bene ko gajimare, nan ne gaban mai kallo zai faɗi. 'Yan kallo kuwa ɗigo-ɗigo sun isa, wa ke da lokacin zana hanci dubu.

Gine-ginen filin sukuwar Siyena na jan bulo ne, kuma akwai wani fenti ruwan ƙasa da masu zane ke kira da sunan garin Siyena ɗin. In babu a kasuwa haɗa ja da ɗorawa da ɗan baƙi kaɗan, ka nufi kalar jar ƙasarmu bayan an yi ruwa. Bangon ya zauna shiru, tuta kaɗai ta yi ihu.

Maman_Ikram_Tela:
Ni ta wajen ɗinki na kalle shi. Na Siyena siliki ne, matan unguwa ke haɗa shi da allura a kuma yi masa zane da hannu, shi ya sa yake kwanciya a iska haka, ka gwada da atamfa ka gani ko za ta tashi lol. Kuma ku lura kalolin ba su da yawa, biyu ko uku manya-manya, don a gane unguwa daga nesa ko tana juyawa. Ta Raƙumin Dawa ja da fari, ta Kunkuru ɗorawa da shuɗi. Har unguwar Dodon Koɗi da ta Beguwa akwai, Allah mai iko.

DanKabi_Argungu:
Hajiya ai mu ma tuta ba baƙuwarmu ba ce, Shehu Usmanu ya ba Modibbo Adama da Yakubun Bauchi da sauransu tuta, sai dai mu ba wurga ta ake ba, girmama ta ake.

MaiBurushi_BK:
Allah ya saka da alheri, Baba na ji maganar tazara, gobe in sha Allahu zan goge benen da na cusa a wurin. Zan ɗauki ta Kunkuru don ɗorawa da shuɗi za su fita a kan jan bango. Saura abu ɗaya, wannan hasken da ke ratsa siliki, da fentin mai ake samunsa ko in tsinka shi da tina in yi shafi biyu?