Me za mu kira mai saita idon mota?

1/ Jama'a, akwai wata sana'a da ta iso garejinmu ba ta da suna. Sababbin motoci na zuwa da kyamara a bayan gilashin gaba, kusa da madubi, da na'urar rada (radar), mai auna nisan abin da ke gaba, a cikin bamba. Su ke taka birki in direba ya yi sakaci, su ke jan sitiyari in mota ta bar layinta. Turawa na ce wa tsarin ADAS. Tun Yulin 2024 Tarayyar Turai ta wajabta birki mai kama kansa a kowace sabuwar mota, kuma motocin nan su ne 'yan Kwatanon gobe.

2/ Da an canza gilashin gaba, ko fanel bita ya taɓa bamba, ko an yi alaimen, sai an sake daidaita na'urorin nan. Ana tsayar da motar a daɓe mai lebur, a kafa allo mai zane a gabanta bisa tazarar da kamfani ya ƙayyade, a jona kwamfuta. Wasu motocin kuma sai an tuƙa su a titi mai fentin layi. Karkatar digiri 1 kacal tana kai kusan mita 1.75 a nisan mita 100, wato motar za ta iya ɗaukar ta layin gefe a matsayin ta gabanta.

3/ To, ya sunan aikin? "Kalibireshan" ya yi wa baki nauyi. "Daidaitawa" ta yi faɗi, har iskar taya daidaita ta ake yi. In aka fassara ADAS da "na'urar taimakon direba" kuwa, wani zai zaci yaron mota ake nufi.

4/ Ni dai na fi son "saitin idon mota", mai yi kuma "mai saitin ido". Mun riga mun san saiti: mafarauci na saita bindiga, mai dish na saita shi sai ya kamo tasha. Aikin ke nan, a sa ido ya dubi inda mota ta dosa. Na san rada ba gani take yi da haske ba, amma ai ita ma lura da hanya ce aikinta.

5/ Damuwata, in babu suna, mai mota zai canza gilashi ya kama hanya bai san da sauran aiki ba, domin ba kullum dashbod ke nuna wuta ba. Iyayen gidanmu makanikai da rewaya na Ƙofar Ruwa da Panteka, da 'yan uwa na Maraɗi da Damagaram, me kuke ce masa a wajenku?