Nas ce ta ƙara wa mahaifiyata magani: shin tana da hurumin yin haka?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum. Na kai mahaifiyata wani ƙaramin asibiti a nan Kumasi saboda hawan jini, amma wadda ta duba ta nas ce. Ta auna jininta sau biyu, ta danna ƙafarta da yatsa don ganin ko akwai kumburi, sannan ta ƙara mata ƙwaya ɗaya a kan wadda take sha. Yau kwana uku Hajiya ta ƙi taɓa sabon maganin, wai sai likita ya gan ta da idonsa.

Tsohuwar nas, Asawase:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba Hajiya lafiya. Nas-nas ba matakinsu ɗaya ba. Akwai wadda bayan ta yi shekaru tana jinya take komawa makaranta ta koyi gano cuta da rubuta magani, kuma Jami'ar UDS ta Tamale tana cikin masu ba da wannan horo. A Amurka aka fara shi, a Jami'ar Kolorado a 1965, saboda likitoci ba sa isar jama'a. Hawan jini da ciwon suga da zazzaɓin cizon sauro duk aikin irin wannan nas ne. A ganina, mai hawan jini ya fi amfana da wanda zai riƙa duba shi a kai a kai, ya san abincinsa da halinsa, fiye da babban likitan da sai an kwana a layi kafin a gan shi.

Malamin makaranta, Sawaba:
Mama, maganarki gaskiya ce, sai dai mai yiwuwa wadda ta duba Hajiya mataimakiyar likita ce, irin waɗanda ake horarwa a kwalejin kiwon lafiya ta garin Kintampo, domin mu marasa lafiya duk macen da muka gani a asibiti nas muke ce mata. Majalisar nas-nas da ungozomomi ce ke ba nas lasisi, mataimakin likita kuwa yana ƙarƙashin majalisar likitoci. Ɗan'uwa, ba laifi ba ne ka tambaye ta matsayinta cikin ladabi. Idan jinin ya ƙi sauka, ka nemi takardar da za ta tura ku Komfo Anokye, babban asibitin koyarwa na Kumasi. Idan kuwa Hajiya ta ji ciwon ƙirji ko ganinta ya dishe farat ɗaya, kada ku jira gari ya waye.

Tsohuwar nas, Asawase:
Haka ne, Malam. Ɗana, gobe ku koma tare, ka zuba duk magungunanta a leda ɗaya, har da na gargajiya idan tana sha, ka bar Hajiya ta yi tambayarta da bakinta.