Kan jariri ya karkace: kwanciya ce ko haɗewar ƙashi?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Jariri ɗan wata biyu, kansa ya yi tsawo daga goshi zuwa ƙeya, ya tsuke a gefe, kuma ana jin wani tudu kamar igiya a tsakiyar kai. Yaya iyaye za su bambance wanda kwanciya ta jawo da wanda sai an yi tiyata? Jira yana da haɗari?

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙoƙon kan jariri ba ƙashi guda ba ne, faranti-faranti ne da mahaɗa mai taushi a tsakaninsu, domin ƙwaƙwalwa ta samu wurin girma. Idan wata mahaɗa ta daskare kafin lokacinta, kai ya daina faɗaɗa ta wannan wajen, sai ya bi ta inda ya samu hanya. Likitoci na kiransa kiraniyosinostosis, kuma yana samun kusan jariri 1 cikin 2,000 zuwa 2,500.

Siffar da kika kwatanta ta yi kama da haɗewar mahaɗar tsakiya, wadda ta tashi daga maɗiga zuwa ƙeya. Ita ce aka fi gani, musamman ga maza. Na kwanciya daban yake. Ki dubi kan daga sama, gashi a jiƙe: ƙeya ta baje a gefe ɗaya, kunnen wannan gefen ya matso gaba, goshin gefen ya ɗan turo, kuma babu tudu. Wannan yakan gyaru da sauya wajen da yaro ke juya kai, da kifa shi rub da ciki idan yana farke, ana kallonsa. Barci kuwa a rigingine zai ci gaba da yi, ba matashi.

Tudun da ke ƙarƙashin yatsa shi ne abin da zai sa a kai shi wurin likitan yara cikin satin nan.

Likitan Yara:
Malama ta yi bayani mai kyau. Zan tsaya kan maganar jira, don nan ne iyaye ke yin asara ba su sani ba.

Tiyatar iri biyu ce, kuma shekarun yaro ne ke zaɓa. Ta farko da na'urar leƙe ake yi, wato siririn bututu mai kyamara: yanka ƙanana ɗaya ko biyu, a cire siririn ƙashin da ya haɗe. Jini kaɗan ke zuba, yawanci kwana ɗaya a asibiti. Amma tana son ƙashi mai laushi, shi ya sa aka fi yin ta kafin wata 3 zuwa 4. Bayanta yaro zai sa hular gyaran kai kusan awa 23 a rana har tsawon watanni, ana komawa ana daidaita ta yayin da kai ke girma. Idan wannan lokacin ya wuce, sai babbar tiyata, galibi tsakanin wata 6 zuwa 12: yanka daga kunne zuwa kunne, a sake tsara ƙasusuwan. Tana cin awanni, sau da yawa da ƙarin jini, da kwana 3 zuwa 5 a asibiti. Fuska kan kumbura a rana ta biyu zuwa ta uku, wani yaron har idanu su rufe. Abin yana tayar wa iyaye hankali matuƙa, amma kumburin yana sauka da kansa.

Hula ita kaɗai ba ta buɗe ƙashin da ya riga ya haɗe. Dannawa da hannu ko tausa ma haka, wahalar da yaro ne kawai.

Don tabbatarwa, likita zai shafa mahaɗun, ya auna kai, sannan a yi sikanin ko hoton siti (CT, hoton da ke nuna ƙasusuwan kai dalla-dalla). Idan mahaɗa fiye da ɗaya ce, ko akwai yatsu a manne, ko idanu sun firfito, ana binciken ciwon gado irin Apert ko Crouzon.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ƙari kan na Likita: ku riƙe katin awo. Kewayen kai lokacin haihuwa kusan santimita 35 ne, yana ƙaruwa da kusan 2 a wata cikin watanni ukun farko, 1 a wata har wata shida, daga nan rabin santimita a wata har shekara ɗaya. A ɗora tef sama da gira da kunnuwa, ya bi ta inda ƙeya ta fi turowa. Sai dai kyawun lamba bai wanke yaro ba, domin dogon kai kan ba da awo daidai ko ma fiye. Rufewar maɗiga da wuri ma ita kaɗai ba hujja ba ce, in dai siffa da awo suna tafiya daidai.

Uwar Biyu:
Na gode, Likita da Malama. Waɗanne alamu ne ba a kwana da su?

Likitan Yara:
Maɗiga ta kumbura ta yi tauri alhali yaro yana zaune a jiki, ba kuka yake ba. Amai mai feshi a kai a kai, barcin da ake shan wuya kafin a tashe shi, ƙin nono, ƙwayar ido tana kallon ƙasa, ko jijjiga. Waɗannan na iya nuna matsi ya hau cikin kai, sai sashen gaggawa nan take. Bayan tiyata kuma a ƙara da zazzaɓin da ya kai digiri 38, da ja ko ruwa na fita daga ɗinkin.